Shuɗin akun Brazil: keji zai cece shi ko bishiya?

Malam Bashir:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Hoton da aka sa jiya na manyan aku shuɗɗa guda biyu a kan kututture ya jawo tambayoyi da yawa, har wasu na cewa kwamfuta ce ta ƙirƙiro shi. Tsuntsu ne na gaske. Turawa na ce masa hyacinth macaw, mutanen Brazil kuma arara azul. Daga baki zuwa ƙarshen wutsiya yakan kai mita 1, nauyinsa tsakanin kilo 1.2 da 1.7, kuma a duk dangin aku masu tashi sama babu wanda ya kai shi girma. Jikinsa shuɗi ne gaba ɗaya, sai zobe ruwan ɗorawa kewaye da ido da wani ɗan ratsi irinsa a gindin baki. Yawancinsu suna Brazil, kaɗan a gabashin Bolibiya da gefen Paraguay.

Abin da ya sa na buɗe magana daban shi ne na ga mutum uku a ƙarƙashin hoton suna tambayar nawa ake sayar da shi, kuma ina za a samu. Irin wannan tambayar ce ta kusa ƙarar da shi. A shekarun 1980 an ƙiyasta cewa an kamo kusan 10,000 daga daji don sayarwa. Kafin ƙarshen waɗannan shekaru, waɗanda suka rage a Pantanal, wato babbar fadamar da ita ce cibiyarsu, ba su wuce wajen 1,500 ba. Ni a ganina, mai son tsuntsun nan da gaske bishiya zai nema masa, ba keji ba. Wanda yake da ja ya zo mu tattauna.

Alhaji Sani mai tattabaru:
Wa alaikumus salam Malam. Ni ina cikin ukun da suka tambaya, kuma har yanzu ban ga laifina ba. Tun ina yaro nake kiwon tsuntsaye, na san yadda ake riƙe su. Wanda ake sayarwa yau a Amurka da Turai a hannu ake ƙyanƙyashe shi, yana da takardunsa, kuɗinsa kan haura dala 10,000. Mutumin da ya zuba wannan kuɗi ba zai bar shi da yunwa ba. A gida babu shaho, babu gobara, babu maciji, yana iya yin shekara 50 a raye. To ina cutarwar take?

A'isha Ɗaliba:
Malam Bashir, ni abin da ban gane ba shi ne zancen bishiya. Ai Brazil ƙasar daji ce, bishiya kuma ta yi masa kaɗan?

Malam Bashir:
A'isha, tambayarki ita ce zuciyar maganar. Wannan aku ba ya saƙa sheƙa a kan reshe, kogon bishiya yake nema. Kuma tsuntsu mai tsawon mita guda ba kowane kogo ne zai ɗauke shi da matarsa da 'ya'yansa ba. A Pantanal kusan kashi 90 cikin 100 na gidajensu suna cikin bishiya iri ɗaya tak, ana ce mata manduvi. Itacenta na da taushi, idan reshe ya karye ko wani tsuntsu ya fara huda ta, akun zai bi da bakinsa ya faɗaɗa. Amma manduvi ba ta yin kaurin da za ta ba da irin wannan kogo sai ta kai wajen shekara 60. Ki duba, bishiyar da ake kwanci a cikinta bana, tun zamanin kakanni ta tsiro. Idan aka sare ta yau, wanda ya dasa madadinta da wuya ya ga aku a ciki da idonsa.

Sannan ga jinkirin haihuwa. Macen takan yi ƙwai biyu, ta kwanta a kai wajen wata guda, namijin na kawo mata abinci. Ƙwan na biyu yakan ƙyanƙyashe kwanaki bayan na farko, don haka ƙaramin ba ya iya gasa da babban wajen karɓar abinci, sau da yawa ɗaya ne ke rayuwa. Ɗan yana zama cikin kogo sama da wata uku kafin ya fara tashi, bayan ya fito ma iyayen na ci gaba da ciyar da shi watanni, domin bakinsa bai yi ƙwarin fasa abincinsu ba. Shi kansa ba zai fara haihuwa ba sai ya kai wajen shekara 7. Tattabara Alhaji Sani ya san sau nawa take yi a shekara. Wannan kuwa idan aka cire guda ɗaya daga daji, an cire aikin shekaru.

Alhaji Sani mai tattabaru:
Wannan duk na yarda, amma hujjata ce kake ƙarfafawa. Tunda a daji ɗaya ke rayuwa cikin biyu, a hannun mai kiwo duka biyun za su rayu.

Buba Jauro:
Ku yi haƙuri in katse ku. Na ga wani bidiyo inda tsuntsayen nan suka sauka ƙasa a tsakiyar shanu suna tsince-tsince kamar balbela. Ƙwari suke nema ne?

Dakta Hadiza:
A'a Buba, ba ƙwari ba ne, kuma wannan wurin zai yi maka daɗi tunda kai ɗan ruga ne. Abincinsu a Pantanal kusan duka 'ya'yan bishiyoyi biyu ne na dangin kwakwa, acuri da bocaiuva. Ka ɗauki ɗan acuri kamar goruba: akwai ɓawo da nama mai zare-zare a waje, sai ƙodago mai taurin tsiya a ciki, abin da akun ke so kuma yana cikin ƙodagon. Shanu na haɗiye 'ya'yan, su narkar da naman, su fitar da ƙodagon a wanke, ko wajen tuƙa ko cikin kashi. Shi ya sa akun ke bin makwantar shanu, domin an rage masa rabin aiki. Sai ya ɗauka da ƙafa, ya juya shi da harshe, ya datse shi biyu da baki. Mutum sai ya sa guduma. An ma ga waɗanda ake kiwo suna gutsuro ɗan itace ko ganye su soka tsakanin baki da ƙodagon don kada ya zame musu.

Wasu masana na ganin cewa kafin a kai shanu nahiyar, manyan namun daji da suka ƙare tun dubban shekaru su ne ke yi wa akun wannan aikin, shanu sun zo sun gaje su ne kawai.

Buba Jauro:
Allahu Akbar. To ashe makiyayi abokinsa ne. Kullum idan ana maganar kare daji, mai shanu ake fara nuna wa yatsa. Ga shi nan dai saniya ce ke ciyar da tsuntsun da duniya ke kuka a kansa.

Dakta Hadiza:
Kada ka yi saurin murna ɗan'uwa, maganar na da fuska biyu. Gaskiya ne an shafe sama da shekara 200 ana kiwo a Pantanal, kuma sama da kashi 90 na ƙasar a hannun masu gandun shanu take, ba ta gwamnati ba ce. Kiwon da, wanda ake sakin shanu kaɗan a fili mai faɗi su ci ciyawar da Allah ya fitar, bai hana akun zama ba. Matsalar sabon salo ce. Idan damina ta yi, ruwa na mamaye mafi yawan fadamar, sai 'yan tuddai masu kurmi ke saura a bushe. A kan waɗannan tuddan manduvi ke tsirowa. Su ne kuma masu gandu ke sharewa da katafila su shuka ciyawar kiwo, wadda asalinta ma daga nan Afirka aka kai ta. Inda ba a share ba, shanu na taruwa a kan tudun lokacin ambaliya, su tattake ƙananan manduvi ko su cinye su. Sai ka tarar da tsofaffin bishiyoyi a tsaye amma babu na bayansu. Saniyar da ke wanke masa abinci ita ce ke cinye gidan jikokinsa.

Buba Jauro:
Dakta, wannan ba laifin saniya ba ne, laifin wanda ya cika fili da shanun da suka fi ƙarfinsa ne. Makiyayi na gaske ya san adadin da wuri zai ɗauka. Mai katafila ɗan kasuwa ne.

Dakta Hadiza:
A nan ba mu saɓa ba.

Garba Direba:
Ni fa ku gafarce ni. Mutane na kwana da yunwa, buhun masara ya gagari talaka, mu kuma mun zauna muna jimamin akun Brazil. Idan ya ƙare me zai ragu a tukunyarmu?

Hajiya Rabi:
Garba ɗana, babu wanda ya ce ka cire kuɗin cefane ka aika Brazil. Ilimi ake yi. Tausayin tsuntsu bai taɓa rage tausayin mutum ba, zuciyar da ta iya ɗaya ita ce ke iya ɗayan. Ka zauna ka ji, ka bar su su ci gaba.

Alhaji Sani mai tattabaru:
Allah ya ƙara girma Hajiya. Malam Bashir, bari in kawo maka misalin da ba za ka iya turewa ba. Akwai wani ƙaramin shuɗin aku a Brazil ɗin dai, wanda ake kira Spix. Na ƙarshe da ya rage a daji ya ɓace a 2000. Da babu masu kiwo da an rufe littafinsa. Amma akwai su a hannun mutane, har da wata cibiya a ƙasar Katar da wani basarake ya kafa, inda aka hayayyafa su da yawa. A 2020 aka ɗauko 52 daga Jamus aka kai Brazil, a 2022 aka fara sakinsu a jihar Bahia. Suka sake tashi a sararin ƙasarsu. Keji ne ya yi wannan ko bishiya?

Malam Bashir:
Alhaji, tarihin da ka kawo daidai ne, amma ka fara shi daga tsakiya. Me ya ƙarar da Spix a daji tun farko? Sare bishiyoyin bakin rafi da yake kwana a ciki, da kuma masu kamawa suna sayar wa masu tara tsuntsaye. Da ya yi ƙaranci sai kuɗinsa ya ƙara tashi, da kuɗin ya tashi sai aka bi sauran har cikin kogonsu. Hannun da ya ajiye shi a keji ɗan'uwan hannun da ya kwashe shi ne.

Sannan ka dubi wahalar mayar da shi. Tsuntsun da aka haifa a keji bai san shaho ba, bai san wace bishiya ake ci ba, bai san inda ruwa yake da rani ba. Da aka saki takwas na farko a watan Yunin 2022, sai da aka haɗa su da wani irin aku na dajin wurin don su bi shi su koyi rayuwa. Duk da haka an yi asarar wasu. Shekara 22 babu shi a daji, da kuɗi masu yawa, da jirgi daga Jamus, don a mayar da 'yan tsiraru. Wannan aikin cibiya ne mai likitoci da lissafin dangantaka don kada a haɗa wa da ƙanwa. Ba shi ne mutum ya sayi guda ɗaya ya ajiye a falo yana nuna wa baƙi ba. Wanda ke falo, ko ya shekara 50, bai ƙara wa daji ko ƙwai ɗaya ba.

Akwai kuma ɗan'uwan babban shuɗin akun na kusa da ba a yi sa'ar Spix da shi ba, wani mai launin shuɗi da toka-toka da ke zaune a kudu, wajen Ajantina da Paraguay da Uruguay. Abincinsa 'ya'yan wata kwakwa ce da ake kira yatay. Aka share kurmin yatay don noma da kiwo, tun shekarun 1960 ba a sake samun tabbacin ganinsa ba.

Alhaji Sani mai tattabaru:
To amma idan masu kiwo suka cika kasuwa da na gida, wa zai wahalar da kansa ya shiga daji?

Usman Kumasi:
Alhaji, bari in amsa maka daga nan Ghana, domin mu mun gani da akunmu, mai toka da jar wutsiya, wanda kowa ya sani yana kwaikwayon magana. An daɗe ana hayayyafa shi a hannu a Afirka ta Kudu da Turai, bai hana a shiga daji ba, saboda na daji ya fi arha. Mai kiwo zai ciyar da iyaye shekaru, ya biya likita. Mai kamawa danƙo kawai zai shafa a sanda ya ɗaura a kan bishiyar da suke kwana. Binciken da aka wallafa wajen 2016 ya nuna cewa Ghana ta rasa tsakanin kashi 90 zuwa 99 na akunta tun daga 1992. Dattawa a nan suna ba da labarin bishiyoyin da ɗaruruwa ke kwana a kai, da yamma ba ka jin maganar na kusa da kai don kukansu. Je ka wuraren yanzu. Kuma dalili biyu ne, irin na Brazil sak: kamawa, da sare manyan bishiyoyi masu kogo.

Zancen takarda kuwa, ita ce ƙofar da ake bi. Tsuntsu ba ya faɗin inda aka haife shi. A kamo na daji, a sa masa zobe a ƙafa, a rubuta an ƙyanƙyashe shi a gida, shi ke nan ya zama halal a idon kwastan. Shi ya sa a taron CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji, da aka yi a Johannesburg a 2016 aka mayar da akunmu rukuni na ɗaya, wato an haramta cinikin na daji tsakanin ƙasashe. Babban shuɗin na Brazil tun 1987 yake wannan rukunin.

Dakta Hadiza:
Usman ya taɓo wurin. Masu fasa-ƙwaurin akun Kudancin Amurka ma sun canja dabara, ƙwai suke ɗauka. Mutum ya ɗaura su a jikinsa cikin riga don ɗumi, ya hau jirgi, a ƙyanƙyashe su a Turai. Daga ranar sun zama "na gida".

Malam Idris:
Assalamu alaikum. Tunda an zo kan halal da haram, bari in sa baki kaɗan. Ajiye tsuntsu a gida malamai da yawa sun halatta, hujjarsu hadisin ƙanen Anas ɗan Malik, yaron da ake wa alkunya da Abu Umair, wanda yake da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, Manzon Allah (SAW) bai hana ba, har ya tambaye shi labarinsa. Sharaɗin shi ne a ciyar da shi, a shayar da shi, kada a azabtar, kuma kowa ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle. Don haka ba zan ce Alhaji Sani ya yi haramun da tattabarunsa ba.

Amma akwai wani hadisin a Abu Dawud. Sahabbai suna tafiya suka ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa guda biyu, uwar ta zo tana kaɗa fukafukai a kansu, da Annabi (SAW) ya dawo ya tambayi wa ya tayar mata da hankali a kan 'ya'yanta, ya ce a mayar mata da su. Cinikin da Usman ya kwatanta, kwashe 'ya'ya ne daga kogo, ko kama iyaye a bar 'ya'ya su mutu. Kuma Suratul An'am aya ta 38 ta gaya mana dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne kamarmu. Wanda kuɗinsa zai taimaka a shafe al'umma guda daga doron ƙasa, ya kamata ya ji tsoro, ko da shi kansa bai hau bishiya ba. Allah ne mafi sani.

Hajiya Rabi:
Allah ya saka da alheri Malam.

A'isha Ɗaliba:
Malam Bashir, ka ce sun koma 1,500. Yanzu fa? Sun ƙare ne ko sun farfaɗo?

Malam Bashir:
Sun farfaɗo, kuma yadda aka yi shi ne hujjata mafi ƙarfi. Wata 'yar Brazil mai ilimin halittu, Neiva Guedes, ta ga garkensu a Pantanal a ƙarshen 1989, aka gaya mata sun kusa ƙarewa. A 1990 ta fara aikin ceto su, a 2003 aikin ya zama cibiya mai zaman kanta a birnin Campo Grande. Ba ta tara su a keji ba. Ita da mutanenta suka riƙa bin bishiyoyi ɗaya bayan ɗaya, suna hawa da igiya, suna leƙa kogo, suna auna 'ya'yan. Kogon da ya ruɓe ruwa ke shiga su gyara shi da katako. Inda bakin ya yi faɗi har mai farauta ke shiga su rage shi. Su naɗe gindin bishiya da kwano don dabbobi masu hawa su zame. Inda babu kogo sam su rataya akwatin katako a sama, kuma akun ya karɓa ya yi ƙwai a ciki.

Abin da ya fi duk wannan, ta shiga gidajen masu gandu da ma'aikatansu. Tunda ƙasar tasu ce, idan ba su yarda ba babu dokar da za ta yi aiki a wurin da motar hukuma ba ta kaiwa rabin shekara. Mai kiwon da a da zai nuna wa ɗan fasa-ƙwauri bishiya a ba shi ɗan abu, ya koma shi ke kiran masu bincike ya ce an yi ƙwai a wuri kaza. Baƙi masu zuwa kallon tsuntsaye suka fara kawo kuɗi gandun. Adadin na Pantanal ya tashi zuwa wajen 5,000, kuma a 2014 ƙungiyar IUCN mai lissafin halittun da ke cikin haɗari ta sassauta matsayinsa da mataki ɗaya.

Buba Jauro:
Kun gani ko. Da aka ɗauki mai shanu a matsayin mutum aka zauna da shi, ai ga sakamako.

A'isha Ɗaliba:
To ai shi ke nan an samu mafita. A ƙera akwatuna dubu goma a rataya, a huta da jiran bishiyar shekara 60.

Dakta Hadiza:
Ƙanwata, da haka ne da an daɗe da gamawa. Akwati na ruɓewa cikin 'yan shekaru a wurin da rana da ruwa ke dukansa, dole wani ya hau ya sauya. Ranar da kuɗin aikin ya yanke, akwatunan sun tafi. Ba aku kaɗai ke so ba kuma, wasu tsuntsaye na ƙwacewa, ga ƙudan zuma. Zumar ma tana da alaƙa da mu: a 1956 aka kai ƙudan zuman Afirka Brazil don gwaji, a 1957 suka kuɓuce, suka bazu a nahiyar. Idan suka shiga kogo ko akwati, akun ya bar musu.

Akwai kuma wani ƙulli da ni ya fi ba ni mamaki. Kun san tsuntsun nan mai ƙaton baki ruwan lemo da ake kira tukan. Binciken da aka wallafa a 2008 ya nuna shi ne ke yaɗa kusan kashi 83 na irin manduvi, yana haɗiye 'ya'yan ya je ya yar da su nesa da uwar, inda za su iya tsirowa. Binciken dai ya nuna shi ne ya fasa sama da rabin ƙwan akun da aka ci. Mai cin ƙwansa shi ne mai shuka masa gida. Idan ka ce za ka kashe tukan don ka kare ƙwai, bayan shekara 60 babu kogo. Akwati ba ya warware irin wannan, dole dajin ya kasance a raye da duk mazaunansa.

Garba Direba:
Wannan kam abin mamaki ne, na yarda.

Malam Bashir:
Kuma kada farfaɗowar ta ruɗe mu, domin abin da aka gina cikin shekara 30 wuta na iya taɓa shi cikin mako guda. A 2020 aka yi fari mai tsanani, kogin Paraguay ya ja baya, gobara ta cinye kusan kashi 30 na Pantanal ta ɓangaren Brazil. Masu bincike sun ƙiyasta dabbobi masu ƙashin baya kusan miliyan 17 suka mutu. Akwai wani gandu a jihar Mato Grosso, São Francisco do Perigara, wanda ya shahara da tarin shuɗin aku fiye da ko'ina, sama da kashi 90 nasa ya ƙone. Manyan suna iya tashi su tsere. Amma lokacin gobarar, ƙarshen rani, shi ne daidai lokacin da ƙwai da 'ya'ya ke cikin kogo. Bayan wuta ta wuce kuma sai yunwa, tunda 'ya'yan kwakwar sun ƙone, manduvi mai kogo kuwa dama cikinta rami ne, wuta na shiga ta ci ta daga ciki ta faɗi. A 2024 wutar ta sake dawowa. Mafi yawanta mutane ne ke kunnawa don share fili ko sabunta ciyawa, sai iska da fari su ƙwace ta daga hannunsu.

Alhaji Sani mai tattabaru:
To Malam, ranar da wuta ta cinye sauran, za ku zo neman na hannun masu kiwo. Ni har yanzu ina kan bakana cewa dole a ajiye wasu a hannu. Abin da na ɗauka daga maganar Usman da Malam Idris shi ne batun inda tsuntsu ya fito, wannan kam abin dubawa ne.

Malam Bashir:
A ajiye wasu a cibiyoyin da ke hayayyafa su da niyyar mayarwa, ban ƙi ba. Amma ko su, ina za a mayar da su idan babu manduvi da acuri?

Alhaji Sani mai tattabaru:
Wannan muhawara ba za ta ƙare yau ba. Dakta, ni tambayata ta aiki ce. Ina da aku mai jar wutsiya da ya daɗe a gidana, a kasuwa na saye shi, ban tambayi daga ina ya fito ba. Yanzu me kike so in yi da shi, in buɗe keji in sake shi?

Dakta Hadiza:
A'a Alhaji, kada ka sake shi. Tsuntsun kurmin kudu ne, a nan Arewa ba zai samu abincinsa ba, kuma wanda ya daɗe a hannu ko kwana kaɗan da wuya ya yi a waje kafin shaho ko yara su same shi. Amanarsa na wuyanka har ƙarshen ransa. Ka faɗaɗa masa wuri yadda zai buɗe fukafukai ya ɗan tashi, ka sa masa rassan itace ya riƙa gwaguya, ka ajiye shi inda yake ganin mutane, domin a garke yake rayuwa, kaɗaici na sa shi ya fara fizge gashin jikinsa. Kada ka tsaya kan gyaɗa kaɗai, tana sa masa kitse da ƙarancin sinadarin ƙashi, wadda ta yi fumfuna kuma tana iya kashe shi. Ka haɗa masa da ganye, karas, gwanda, mangwaro, dafaffen wake, da 'ya'yan kwakwar manja idan ka samu, don ita yake ci a daji. Fiya da cakulan guba ne a gare shi. Ya riƙa samun hasken rana da safe, da ruwan wanka, a kuma rufe shi daga iskar hunturu da dare. Idan ka ga ana tallar ƙanana a kasuwa, ko tausayinsu ya kama ka kada ka saya, domin kuɗin da ka bayar shi ne zai mayar da mai danƙo daji. Ka turo mini hotonsa ta akwatin saƙo in duba ƙafafunsa da gashin ƙirjinsa.